Wuni ɗaya a Benis, da rigimar kuɗin gondola

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'ar gida. To Anti Bilki kin matsa sai na bada labarin Benis, garin nan na Italiya da ke cikin ruwa, gashi nan amma ku yi haƙuri da tsawo. Kun san tafiyar tamu ta jirgin ruwa ce, irin ƙaton nan da ake kwana a ciki, kwana bakwai kullum ki farka ki ganki a bakin wani gari daban. Ni tun kafin mu tafi Benis ce a raina, na ɗauka jirgin zai shige har tsakiyar garin kamar yadda nake gani a hotuna, ashe ba haka ba. A Trieste ya tsaya, can kusa da iyakar Sulobeniya, aka zuba mu a bas tun bakwai na safe muka yi ta tafiya sama da awa biyu, sai da muka hau wata doguwar gada kusan kilomita 4 ruwa hagu ruwa dama sannan aka ce to ga Benis. Kuma tun a mota aka ja mana kunne cewa huɗu da rabi bas zai tashi, wanda bai zo ba ya san inda dare ya yi masa. Kenan duka duka awa bakwai muka samu a garin.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam, oyoyo ƴar Turai, ina tsarabata? Ci gaba muna jinki, ni dai wajen gondola, kwale-kwalen nan nasu, nake jira

Ɗan Mestre: Hajiya barka da dawowa, ai da kin yi magana da kun ci tuwo a gidana, Mestre nake, minti goma ne a jirgin ƙasa daga inda aka sauke ku. Maganar jirgi kuwa ba wayo aka yi muku ba, doka ce. Tun watan Agusta na 2021 gwamnatin Italiya ta hana duk jirgin da ya haura tan 25,000 bi ta gaban San Marco, babban filin garin, da mashigar ruwan Giudecca. Da can ta nan suke wucewa, kana tsaye a filin sai ka ga jirgi ya rufe maka gari gaba ɗaya, ga ruwan da yake turowa yana cin gindin gidaje. A 2019 wani ya ƙwace wa matuƙa ya daki gaɓa ya haɗa da wani ƙaramin jirgi, mutane suna ta gudu a bakin ruwan. Yanzu wasu a Marghera suke tsayawa, wasu Ravenna ko Trieste ɗin da kuka tsaya.

Maman Ilham: Allah sarki Yaya, ban san kana kusa haka ba wlh. To mota dai iyakarta bakin gari, daga nan babu mota babu babur ko keke ba a yarda a hau ba, ƙafarki ce ko ruwa. Muka yanki tikitin bas ɗin ruwa, vaporetto suke ce masa, hawa ɗaya yuro 9.50 na wuni guda kuma 25, Baban Ilham ya ce a yanki na wunin kawai. Muka hau lamba 1 mai bin babbar hanyar ruwan da ta ratsa garin tana lanƙwasa kamar maciji, yana tsayawa tasha tasha kamar bas ɗin haya, sai da ya ci mana wajen minti arba'in da biyar kafin San Marco amma gaskiya ban so ya ƙare ba. Ki ga gida bene uku na dutse da tagogi masu baka irin na masallatan Masar, ƙofar gidan kuma in kin buɗe ruwa za ki taka, matakalar duk ta yi kore da gansakuka. Abin da ya fi ɗauke min hankali ma ba gidajen bane, komai na garin a ruwa yake tafiya. Na ga jirgi ɗauke da buhunan siminti, wani da firji da katifa mai gidan na zaune a kan kayansa yana latsa waya, wani da kwandunan tumatur da latas, sai ga jirgin asibiti da jiniya ya taho a guje duk sauran suka raɓe, ruwan da ya tayar ya girgiza mu har na damƙe hannun wata Baturiya ban sani ba.

Ɗan Fagge: Tsaya Hajiya. Bene uku a cikin ruwa shekara da shekaru bai faɗi ba? Mu nan damina ɗaya katanga ke kwanciya

Injiniya Bala: Ɗan Fagge ai ba a kan ruwa suka yi ginin ba, ƙananan tsibirai ne na taɓo wajen 118 a cikin wani tafki mai haɗe da teku, aka haɗa su da gadoji sama da 400. Abin da suka yi, itatuwa suka yanko suka fiƙe suka kakkafa a cikin taɓon kusa da kusa har ƙasar ta tsuke ta yi tauri, suka shimfiɗa katako a kai, sannan suka ɗora wani farin dutse daga Istria wanda ruwan gishiri baya cinsa da sauri, sai bulo ya biyo a sama. Itacen da ke binne cikin taɓo iska bata kai masa, shi yasa baya ruɓewa. Matsalarsu bulon ne, in ruwa ya haura layin dutsen gishiri ya shiga bulo sai ya dinga marmashewa.

Ɗan Fagge: To Allah ya bar mu a kan tudu

Maman Ilham: Hhh. San Marco kuma sai dai a ce subhanallah, kyau kam akwai shi, ga hasumiyar nan mai kusan mita 99, mai yi mana bayani ta ce ta taɓa rushewa gaba ɗaya a 1902 suka sake ginata yadda take. Amma cunkoso ƴan uwa, ban ga irinsa ba sai a jifan Shaiɗan. Layin shiga cocin ya nannaɗe, muka lissafa lokaci muka haƙura, daga waje muka kalla. A nan ne matar ta nuna mana wani zane a saman ɗaya daga cikin ƙofofin, wasu masu rawani suna kauda kai daga wani kwando. Wai a shekarar 828 wasu fatake biyu ƴan Benis suka ɗauko gawar San Marco daga Iskandariya ta Masar, da za su wuce ƴan kwastan Musulmi sai suka lulluɓe ta da naman alade, su kuwa da suka leƙa suka ga alade suka ce a wuce da shi. Tana faɗa tana dariya sai ta juyo ta ga hijabina ta daburce, Baban Ilham ya ce mata karki damu, ko yau ki zo da irin kwandon nan ba mai saka hannu.

Rifkatu: Hhhh Baban Ilham bai da dama. Shi San Marco ɗin shine Markus wanda ya rubuta ɗaya daga cikin littattafan Bishara huɗu, shi yasa za ki ga zaki mai fukafukai ko'ina a garin, alamarsa ce. Amma Maman Ilham kin yi asara da baki shiga ba, rufin ciki duk ƙananan duwatsu ne masu ruwan zinari, ni da na shiga wuyana har ciwo ya yi don kallon sama. Dawakan tagulla huɗun nan na saman ƙofa ma kwafi ne, na asalin suna ciki, daga Kustantiniya suka kwaso su a 1204

Maman Ilham: Kin ga abin da nake faɗa kenan Rifkatu, awa bakwai me zai yi miki

Anti Bilki: Gondolaaa

Maman Ilham: To gata nan. Yuro 90, minti talatin. Kuɗin jirgin ne gaba ɗaya ba na mutum ɗaya ba, yana ɗaukar har mutum biyar, amma mu biyu ne kuma Oga ya ce bazai raba da kowa ba.

Ɗan Fagge: Innalillahi. Yuro casa'in?? Na buga a kalkuleta na ajiye wayar. Kwale-kwale ne fa Hajiya, kwale-kwale, an dai shafa masa baƙin fenti an saka kujera. Wlh wannan almubazzaranci ne, ku yi haƙuri

Anti Bilki: Kai Ɗan Fagge ka cika ƙwauro, mutum ya biya biza ya biya jirgin sama ya biya na ruwa sai a kan yuro casa'in zai tsaya lissafi? Kai nawa ka kashe a kallon ƙwallo bana

Ɗan Fagge: Anti ni ƙwallo minti casa'in ce, wannan talatin

Ɗan Mestre: Farashin hukuma ne ba wai sun ga baƙi sun tsuga ba, bayan bakwai na yamma ma 110 ne. Amma bari in baku sirrin mutanen gari, akwai jirgin fito, traghetto, shima gondola ne sai dai ya fi faɗi ba ado, mutum biyu ke tuƙawa, yana tsallakar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan a inda babu gada, don gada huɗu ce kawai a kan babbar hanyar. Yuro 2 baƙo ke biya. Akwai ɗaya kusa da kasuwar kifi ta Rialto. Minti biyu ne dai, amma hoto zai fito. Ni shekarata nawa a nan ban taɓa hawa ta casa'in ba, duk baƙon da na yi fito nake kai shi

Ɗan Fagge: Yauwa ga mai hankali

Maman Ilham: Ku bari in faɗi gaskiyata. Minti goman farko ni kaina na ce mun yi asara, don a babbar hanya muke, manyan jirage na wucewa suna jijjiga mu, gondola a gaba gondola a baya kamar jerin gwanon kai amarya, mutane a kan gada suna ɗaukarmu hoto. Sai mutumin ya karya kwana ya shiga wani siririn lungu, in na miƙa hannu zan taɓa bango. Shiru kawai ya sauka. Ba kya jin komai sai ɗigar ruwa daga filafilinsa da ƙarar cokula daga wata taga, wani gida ana soya albasa har ƙamshin ya sauko mana, ga shanya an ɗaura igiya daga wannan bene zuwa wancan da wandunan yara a kai. Shi kuma yana tsaye a baya da filafili ɗaya tak a gefen dama, jirgi mai tsawon mita 11 amma ko goga bango baya yi, in zai sha kwana sai ya yi kira da ƙarfi "oee" don na can ɓangaren ya ji, wani wajen ya sa ƙafa ya tokari bango ya gyara, in an zo ƙaramar gada ya sunkuya ba tare da ya ko kalla ba. Oga ya tambaye shi ya akai filafili na gefe ɗaya amma jirgin baya juyawa, ya ce ai a karkace ake ƙera shi da gangan, ɓangaren hagu ya fi faɗi. To wannan minti ashirin ɗin Ɗan Fagge, jirgin fito bazai baka shi ba. Abin da ya ƙona min rai daban ne, shagon shayi. Ƙafata ta gaji muka zauna a wasu kujeru a filin ana kiɗa, kofi ɗaya shayi ɗaya, da takarda ta zo har da kuɗin kiɗa kowa da nasa, kiɗan da ba mu muka ce a yi ba. Wannan kam har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Ɗan Mestre: Hhh sun kama ku. Ƙa'idar Italiya kofi a tsaye ake sha a gaban kanta, da kin zauna kuɗi ya canza, balle a San Marco

Malam Na Zariya: Hajiya sannu da hanya. Ni tambayata sallah, ya kuka yi da azahar, akwai masallaci a ciki?

Maman Ilham: Malam babu a cikin tsohon garin, kuma wannan ne ya kawo ɓatan da muka yi. Muna neman inda ba mutane muka bar bin allunan nan masu ruwan ɗorawa da ke nuna Rialto da San Marco, muka yi ta kutsawa, taswirar waya ta rikice tana nuna mu a tsakiyar ruwa, lungu uku muna shiga sai mu ga ya ƙare a bakin ruwa mu juyo. Can muka faɗa wani ɗan fili, tsohuwar rijiya a tsakiya an rufe bakinta da ƙarfe, ga famfo yana zuba, ba kowa sai kyanwa. Oga ya yi alwala a famfon, na shimfiɗa ɗankwali a kusurwa muka yi ƙasaru muka haɗa da la'asar tunda mun san la'asar a mota za ta same mu. Muna idarwa sai ga wata tsohuwa ta fito da ƴar jakar cefane mai taya, ta zo gada tana jan ta matakala ɗaya ɗaya tana hutawa, Oga ya karɓa ya haye mata da ita. Ta riƙe hannuna tana ta magana bana ji, tana nuna gidajen da ke kewaye tana girgiza kai, sai na lura kusan kowace ƙofa da ɗan akwatin makulli mai lambobi a jiki.

Ɗan Mestre: Na san abin da take faɗa miki ko ban ji ba. Maƙwabtanta ne suka tashi, gidajen sun koma na haya ga ƴan yawon buɗe ido na kwana biyu uku. A farkon shekarun 1950 mutanen tsohon garin sun kai wajen 175,000, a 2022 suka sauko ƙasa da 50,000. Yawancinsu nan wajenmu suka dawo. Kuma ki yi haƙuri Hajiya, irinku ƴan jirgi su suka fi jin haushi, ku zo dubbai lokaci guda ku cika lungu ku ɗau hoto, abinci ma a jirgi kuka biya, yamma ta yi ku tafi. Shi yasa tun Afrilun 2024 suka sa kuɗin shiga yuro 5 ga mai wuni ɗaya a ranakun cunkoso, a 2025 suka mayar da shi 10 ga wanda bai biya da wuri ba.

Anti Bilki: To in mun daina zuwa me za su ci? Garin da ba gona ba masana'anta

Ɗan Mestre: Anti ai shine rigimar da suke yi tsakaninsu kullum, mai gondola da mai shagon tsaraba ra'ayinsu daban, tsohuwar da shagon burodin unguwarsu ya koma na sayar da abin rufe fuska na bikin kanibal ra'ayinta daban

Maman Ilham: Ban ji haushi ba Yaya, ni kaina na ji nauyi, muna tafe a ayari bayan mai tuta wani mai turo kaya a amalanke yana ta ihu a bashi hanya ba mai kula shi

Hadiza Damagaram: Ina wuninku. Ni dai na ga bidiyon da ruwa ya shanye filin nan mutane na tafiya kan benci, ku bai same ku ba?

Injiniya Bala: Wannan yawanci kaka da hunturu ne, in cikowar teku ta haɗu da iskar kudu. Na Nuwamban 2019 ya kai santimita 187, wanda ya fi shi sai na 1966 mai 194. Yanzu sun yi wasu ƙofofin ƙarfe 78 kwance a ƙarƙashin ruwa a mashigai uku na tafkin, MOSE sunan aikin, in ruwa zai taso sai a hura musu iska su miƙe su tare teku. Oktoban 2020 aka fara ɗaga su

Malam Na Zariya: Madalla da kuka samu kuka yi sallah, Allah ya karɓa. Wani abu da zai baku mamaki, garin nan muna da tsohuwar alaƙa da shi. Duk wanda gidansu akwai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu, ya ɗaga warƙa ɗaya a hasken rana, sau da yawa zai ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. A da can a yankin Benis ake yin irin takardar nan, Larabawan Tarabulus su ɗauko ta su keto Sahara da ita har Kano da Borno. Barth da ya zo Kano a 1851 ya ambaci takardar mai wata uku cikin kayan da ya gani a kasuwa, har da duwatsun wuya na gilashi. Na kakanmu na duba da idona, watan na nan. Kuma Alƙur'ani na farko da aka buga da injin ɗab'i da haruffan Larabci a Benis ɗin aka buga shi wajen 1538, sai dai kurakurai sun yi masa yawa bai karɓu ba, har aka ɗauka ya ɓata gaba ɗaya sai a 1987 aka tsinci kwafi ɗaya a ɗakin karatun wasu limaman coci a can.

Rifkatu: Kai Malam, wannan ban taɓa ji ba

Ɗan Fagge: Kenan tun zamanin kakanni suke karɓar kuɗinmu

Maman Ilham: Hhhh Ɗan Fagge Allah ya shirye ka. Malam da na san wannan da na ƙara kallon garin da wani ido. Duwatsun ma na so zuwa Murano inda ake hura gilashin, tikitinmu zai kai mu, amma ina lokaci. Ɓatan nan ya ci mana fiye da awa, abincin rana ma a tsaitsaye muka ci, Oga ya yi odar wata taliya baƙa wuluk da tawadar wani kifin teku ake yinta, ya cinye haƙoransa suka koma kamar ya sha zuge, ni dai soyayyen kifi na tsaya a kai tunda na tambaya ba giya ba alade. Da muka duba agogo huɗu saura, bas ɗin ruwa na farko ya zo a cike maƙil bamu samu shiga ba, muka yanke shawarar tafiya da ƙafa, gada bayan gada kowace da matakala, ina riƙe da takalmi a hannu Oga na gaba yana waiwaye yana cewa ki ɗaga ƙafa. Huɗu da minti ashirin da bakwai muka iso, duk ƴan motar suka sa mana tafi, kunya kamar in nutse.

Anti Bilki: Duk na ji, tsarabar fa?

Maman Ilham: Ƴan kunne ne na gilashi Anti, a guje na saya kusa da Rialto yuro 5

Ɗan Mestre: Yuro 5 kusa da Rialto? Anti Bilki in sun iso ki juya bayan kwalin ki karanta mana inda aka yi su